Sawun da Bai Juya Baya Ba

Matan da suka yi sammakon ɗiban ruwa su suka fara gani, ihunsu kuma shi ya tashi garin Oenitu. An sare bunuk. Sandar hani mai ƙaho uku, wadda take tsaye a bakin idon ruwan gidan Banoet tun kafin a haifi kakan kowa, ga ta kwance a taɓo da ƙullin ganyen giginyarta, saran adda fari fat a gindinta.

Kafin hantsi duk mai ƙafa ya hallara, amma ba wanda ya matsa kusa. Aka yi cirko-cirko a bayan duwatsu ana nuna ƙasa da baki, domin ga sawun manyan takalman kamfani layi biyu, duk sun nufi ruwan, babu ko ɗaya da ya fito.

"Su biyu ne, ruwa ya haɗiye su," in ji wata tsohuwa, ta tofar da jan yawun goron pinang. "Alhaki kwikwiyo ne."

"Ruwan da bai kai gwiwa ba, Ena? Ko kaza ba zai haɗiye ba," in ji wani saurayi, yana kiranta Ena, wato uwa.

"To ina suka bi, tunda kai ka fi kowa kai? Fiffike suka yi?"

Kowa dai ya san inda zuciyarsa ta nufa. Tun da ramin da kamfani ke haƙar baƙin dutse ya yi zurfi a kwari har ya yanke jijiyar ruwa, rijiyoyin Bikium, garin da ke ƙasa, suka ƙafe ɗaya bayan ɗaya. Hukuma ta ce wa kamfani ko ya mayar da ruwan da ya salwantar, ko ya rufe rami. Sai kamfani ya ɗaga kai ya hango tsauni, ya nemi izinin haƙa burtsatse a gefen wannan ido don ya ja ruwan ƙarƙashinsa. Ofishin gunduma ya ce ba ya ba da izini a inda bunuk yake tsaye. Ama Lasarus Banoet, wato Baba Lasarus, tsohon da ke riƙe da idon, ya ce ruwan suna ne, da shi ake wanke jariran gidansu, kuma suna ba abin sayarwa ba ne. To yau ga bunuk a ƙasa.

Tsohon bai yi kuka ba. Ya sa aka kira masa Melkisedek Tanesab, saurayin nan mai bin sawun shanun sata, wanda ake cewa ko tururuwa ta ratsa dutse ya san ƙafar da take ɗingishi da ita. Ya ajiye kwandon goro a gabansa.

"Melki, ɗana, ka san dokar. Ba a sake kafa bunuk sai an kira sunan hannun da ya kayar. In hannun baƙo ne, mu yanka jan zakara mu kafa wata kafin motar kamfani ta hau. In kuwa hannun gida ne..." Ya kau da kai. "In hannun gida ne, kakanni sun ɗauka mu muka buɗe ƙofa. Ba mai sake kafawa sai duk mu da muka gani mun kwanta dama. Nemo mini baƙon nan."

Melki ya miƙa hannu ya ɗauki goro. Wanda ya ɗauki goro daga kwandon roƙo ya ɗauki magana, sai ya faɗi abin da ƙasa ta faɗa masa, ko da daɗi ko ba daɗi.

Ya tsuguna a kan sawun. Abin da ya fara gani ya ɗaure masa kai: a layi biyun duk dugadugin takalmin hagu yana da tsaga iri ɗaya. Ba mutum biyu ba ne. Takalmi ɗaya ne ya shiga sau biyu, bai fita ko sau ɗaya ba. Ya tsinko ganyen ayaba ya rufe sawun.

* * *

Sunan da ke bakin samari shi ne Dominggus Pello, wanda ake kira Om Minggus, wato Kawu Minggus, mai gadin ƙofar kamfani, mutumin tsibirin Rote. An gan shi jiya a hanyar tsauni.

Melki ya same shi a rumfar gadi yana hura kofi.

"Om Minggus, barka da hutawa."

"Wane hutu? Tun safe yaranku suke wucewa suna gwada mini kaifin adda. In kai aka aiko ka kashe ni, Bu Melki, ɗan'uwana, bari in gama kofina, da sukari a ciki."

"Me ya kai ka tsauni jiya?"

"Giyar giginya, me kuma? Taku ma ruwa-ruwa ce, da a Rote ne kunya za a ji a ba baƙo. Amma mai ƙishi ba ya zaɓe."

"Ɗaga ƙafarka in gani."

Ya ɗaga, yana dariyar da ba ta kai ciki ba. Ƙafa ce kamar faranti, takalmin ba tsaga, kuma ya fi na bakin ruwa girma nesa ba kusa ba.

"Duk wanda ya taɓa ɗaukar shebur a ramin nan yana da irinsa," in ji Minggus. Sai ya rage murya. "Ina da 'ya'ya a Rote, Bu. Ni ƙofa aka ce in tsare. Ban san ruwan kowa ba."

Suna cikin haka Pak Hendro ya fito daga ofis, mutumin Java mai taushin murya wanda kamfani ke turawa wurin dattawa. Ya gaida Melki da hannu biyu.

"Mun ji abin da ya faru, mun yi baƙin ciki ƙwarai. Ba hannunmu, Pak Melki. Mu ma don mutanenku muke neman ruwan." Ya gyara tabarau. "Jami'in gunduma zai hau da mu ranar Juma'a. Abin da idonsa ya gani shi zai rubuta."

Murmushinsa bai motsa ba har Melki ya bar wurin.

* * *

Akwai wani sunan da ba a faɗa da ƙarfi. Yustus, ɗan Ama Lasarus na cikinsa, direban tifa ne a kamfanin, kuma rabon da ya ci abinci kwano ɗaya da ubansa tun ranar da ya karɓi aikin. Melki ya tarar da ƙafafunsa sun leƙo daga ƙarƙashin mota. Ya duba dugadugan kafin ya yi sallama. Sababbi ne ful.

"Ka gama leƙen?" in ji Yustus daga ciki. "Da ni ne, da rana tsaka zan sare ta, in kira tsohon ya zo kallo. A garin Soe na kwana, motar nan ta mace mini a hanya. Tambayi duk wanda ya tura ta."

"Ba ka ji zafin abin ba?"

Yustus ya jawo jiki ya fito, fuska duk baƙin mai. "Zafi? Ka tambayi Ama yaushe rabonsa da ya sauka Bikium ya ga abin da jikarsa take sha. Yana can yana gadin suna, Mince tana tace ruwan rami da ɗankwali. Kai da kake kai mata zuma kamar wani likita, ba ka gani ba?"

Kunnuwan Melki suka yi zafi. Mince, wato Welmince, ƙanwar Yustus ce. Ta auri wani ma'aikacin rami a Bikium, bangon rami ya rufta da shi, ya bar ta da 'yar ƙaramar yarinya. Melki yana sonta tun suna zuwa makarantar Lahadi, so irin na kurma, wanda ke cika ƙirji ya kasa hawa harshe. Tun da ta fita takaba yake cewa gobe zai kai kwandon goronsa na neman aure gaban mahaifinta. Gobe kuwa ba ta ƙarewa.

* * *

Da la'asar ya koma bakin idon, hannu wofi. Ama Lasarus yana can shi kaɗai, ya durƙusa yana wanke fuska, yana yi wa ruwan magana ƙasa-ƙasa kamar mai lallashin mara lafiya. Melki ya tsaya nesa. Tsohon ya gama, ya miƙe da ƙyar, ya fara tafiya da baya-baya, fuskarsa na kallon ruwan, sai da ya wuce dutsen ƙarshe sannan ya juya.

Melki ya ga wannan sau ba adadi. Duk ɗan gidan Banoet haka yake yi, ba sa ba ruwan sunansu baya, kamar yadda ba a ba sarki baya. Sauran jama'a kuwa su ɗiba su juya abinsu. Abin da ido ya saba gani shi ya fi wuyar gani.

Da tsohon ya tafi, ya yaye ganyen ayaba. Layin farko dugadugi ne ya fara taɓa ƙasa, kamar tafiyar kowa. Layi na biyu kan takalmin ne ya fara nutsewa, taku gajere, a ɗarare. Wannan ba shiga ba ce. Fita ce.

Ya so ya tsaya nan, ƙafafunsa suka ƙi. Takalmin ya fi ƙafar da ke cikinsa girma, don bakinsa bai danna ƙasa sosai ba. Bayan dutsen ƙarshe an zauna an cire shi. Can gaba kaɗan, inda ruwan jarkokin mata ya jiƙa ƙura, ga sawun ƙafa tsirara, siririya, babban yatsan dama ya ɗan karkace waje.

Ya san ƙafar nan. Ya san ta a hanyar coci, a hanyar kasuwa, a bakin kabarin mijinta. Shekaru yana kauce wa taka sawunta don kada ya ɓata shi. Ya zauna daɓas a ƙasa, ya rufe fuska da tafukansa.

* * *

Washegari ya sauka Bikium. Garin ya yi furu-furu, ayaba ta sunkuyar da kai, jarkoki sun yi layi a bakin hanya suna jiran motar tanki da ba ta da rana. Welmince tana tsakar gida tana surfen masara. Yarinyarta na kwance a tabarma, ƙafafunta duk ƙuraje, an shafa musu toka.

"A'a, mai bin shanu! Yau ba zuma? Ko ƙudan sun gane ka?"

Bai yi dariya ba. Ya kalli ƙofar ɗakin hayaƙi, inda takalman marigayi suke jingine, an wanke su tas, a garin da ba a samun ruwan wanke fuska.

Ta bi idonsa. Taɓaryar ta tsaya a hannunta.

"Mince," ya ce, "me ya sa?"

"Ka dube ta, sannan ka sake tambayata." Ta nuna tabarmar da haɓa. "Na hau na durƙusa wa Ama. Ya ce in dawo gida in sha har in ƙoshi. Na ce sauran garin fa? Ya ce kamfani ya zubar, kamfani ya kwashe. Pak Hendro ya ce in dai sandar ba ta tsaye ranar da jami'i zai zo, bututu ɗaya namu ne, har bakin coci."

"Kin yarda da shi?"

"Ban yarda da shi ba. Wa kuma ya zo da wata maganar? Kai?" Ta share gumi da bayan hannu. "Na sa takalman don Ama ya tsani baƙo, kada ya tsane ni. Na yi a hankali, Melki. Ta ina ka gane?"

"Da baya-baya kika fita."

Ta zuba masa ido. "Ni?"

"Har dutsen ƙarshe."

Sai ta fashe da dariya, ta dafa turmi, dariyar ta yi ta yi har ta rikiɗe ta zama wani abu dabam. "Na sare ta da hannuna," ta ce cikin shessheƙa, "na sare ta, amma na kasa ba shi baya. Ban ma sani ba. Wayyo ni, Banoet har ƙafa."

Melki ya ji kamar ya ɗauke ta da yarinyar da turmin duka ya gudu da su bayan teku. Abin da ya iya fitowa daga bakinsa shi ne, "Ba wanda ya karanta sawun sai ni. Ruwan sama ɗaya zai shafe shi."

"Sai ka ce wa ye? Om Minggus?" Ta girgiza kai. "Shi yake ɓoye mana jarka biyu daga tankin ofis. Ka ɗauki goron Ama ko ba ka ɗauka ba?"

"Na ɗauka."

"To ka tauna abinka."

* * *

Ranar Alhamis aka taru a ƙarƙashin babbar rumfar gidan Banoet. Dattawa a gaba, mata a gefe, Welmince a cikinsu ta lulluɓe da zane. Yustus ya jingina da ginshiƙi. Pak Hendro ya zo da kansa, ya zauna a kujerar da aka ba shi, gwiwoyi a haɗe. Samari kuma sun je sun taho da Minggus, ba da igiya ba, amma sun kewaye shi, kuma leɓensa a fashe yake. An riga an ɗaure jan zakara a gindin rumfa.

"Melki," in ji Ama Lasarus, "me ƙasa ta ce?"

Kalma ɗaya ce tsakaninsa da ceton ruwan. Ya ce baƙo, zakara ya mutu, sanda ta tashi, jami'i ya zo gobe ya koma. Ya dubi Minggus, wanda ya daina wasa, yana ta motsa baki da addu'a. Ya dubi addunan da ke cinyoyin samari. Bai dubi ɓangaren mata ba.

"Ba Om Minggus ba ne," ya ce. "Ku matsa ku ba shi iska."

Aka yi gunaguni. Ya ɗaga murya.

"Mutum ɗaya ne, ba biyu ba. Ruwa bai haɗiye kowa ba. Ya shiga da gaba, ya sare, ya fita da baya-baya har dutsen ƙarshe."

Zakaran ya ci gaba da tonon ƙasa. Ba wanda ya nemi ƙarin bayani. 'Yan gidan Banoet suka sunkuya suna kallon ƙafafunsu, kamar kowa na tuhumar nasa.

"Yustus!" wani ya yi tsawa. "Dama mun sani!"

"Ku ƙyale yayana." Welmince ta miƙe, ta sauke zanen daga kanta. "Ni ce, Ama."

Mata suka ɗora hannu a ka. Tsohon ya dube ta kamar yau ya fara ganinta. Sai wani dattijo, ƙanin kakarta, ya zabura har goro na faɗowa daga bakinsa.

"Ku tsaya, ku tsaya! Ai ta yi aure! Matar Bikium ce, 'yar gidan mijinta. Hannun baƙo ne wannan! A kawo wuƙa!"

Rumfar ta ɗauka gaba ɗaya. Hannun baƙo, hannun baƙo! Wani har ya kwance zakara. Zuciyar Melki ta yi tsalle kamar ɗan maraƙi, karon farko tun shekaranjiya. Pak Hendro ya cire tabarau yana gogewa.

Ama Lasarus ya ɗaga hannu.

"An yi aure a coci," ya ce a hankali. "Amma ba a sauke mata sunan gidanmu ba. Dangin mijin sun zo za su yi, na ce su bari sai bayan girbi. Bayan girbi na ce sai wani girbin. Ita kaɗai ce mace a gidana, ban so a kira ta da sunan wasu ba. Har mijin ya mutu." Ya nuna wajen idon. "Ku kuna iya mantawa. Waɗanda ke cikin ruwan ba su manta ba. Banoet ce. Ku saki zakaran."

Aka sake shi. Ya yi 'yar tafiya, ya karkaɗe fiffike, ya shiga tsintar tsaba a tsakanin ƙafafun mutane.

Hukuncin bai ɗauki lokaci ba: ba za ta ƙara shan ruwan ba, ba za ta ƙara taka bakinsa ba. Ta karɓa a tsaye. Da ta zo wucewa ta gaban Melki ta ɗan dakata, ba ta dube shi ba, ta yi magana yadda shi kaɗai zai ji.

"Da ka kawo kwandonka bara, mai bin shanu, da yau hannun baƙo ne."

* * *

Motar haƙa ta hau ranar Juma'a, jami'i ya ga abin da ya gani ya rubuta. Aka kafa inji a gefen idon, aka ja bututu mai kaurin cinya zuwa rami, aka ja wani mai kaurin yatsa zuwa bakin cocin Bikium. Na yatsan yana kawowa in tankin kamfani ya cika ya tumbatsa. Ranar da ya kawo, ƙurajen yara sukan samu wanki. Ranar da bai kawo ba, jarkoki su koma bakin hanya.

Melki ya kai kwandonsa daga baya, ya ajiye a ƙofar Welmince tunda ba uban da zai karɓa. Ba ta ɗauka ba, ba ta kuma mayar masa ba. Yana nan a bakin ƙofa, goron ya bushe.

Da rani ya tsananta, idon ya fara ja da baya. Daga gwiwa ya koma idon sawu, daga nan ya zama taɓo, taɓon ya tsage. Wata safiya aka ce Ama Lasarus yana kiransa. Ya same shi zaune a tsakiyar inda ruwan yake a da, ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa, injin na ta gurnani a bayansa.

"Melki, ɗana, ka zo?" Ya lalubo goro ɗaya daga aljihu ya miƙa masa. "An ce ba abin da ke ɓace maka. Jiya da yamma yana nan, ɗan kaɗan, na taɓa shi. Duba mini ta inda ya bi."

Melki ya matso. Ya karɓi goron don ba yadda zai yi. Ya durƙusa a kan busasshiyar laka, ya kai fuskarsa kusa da ƙasa yadda ya saba, ya duba gabas, ya duba yamma, tsohon na biye da shi da ido, yana jira.

"Ka gani?"

"Ina dubawa, Ama," in ji Melki, hawayensa na ɗiga cikin tsagar ƙasa suna ɓacewa. "Ina dubawa."